Zango ko tasha: a ina za mu ajiye kayanmu?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, don haka wanda yake cikin hidima ya adana shi sai ya samu sarari. A taron ƙungiyar ɗaliban sashenmu na makon jiya na ƙi ɗaga hannu ga masu cewa mu kwashe komai mu koma Mastodon, na kuma ƙi ɗaga hannu ga masu cewa mu sake buɗe sabon shafi a inda muke mu ci gaba kamar ba abin da ya faru. Wasu suka ce na zama jemage, ni ba tsuntsu ba ni ba dabba ba. Hayaniya ba ta bar ni na kai ƙarshen maganata ba, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ga 'yan aji ɗaya da ba su san asalin maganar ba. Shafin sashenmu ya kai shekara bakwai. A ciki akwai tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da takardun lakca da yayyenmu suka ɗauka a hoto, da sanarwar tallafin karatu, da hotunan bikin yaye ɗalibai. Akwai kuma ta'aziyyar abokan karatunmu biyu da suka rasu, wadda iyayen ɗaya daga cikinsu suka taɓa roƙon mu tura musu. Wata safiya a farkon zangon karatun nan muka tashi shafin babu shi. Ba zan kama sunan dandalin ba, don abin da ya same mu zai iya samun mu a kowanne daga cikinsu. Ni ne sakatare, ni na cike fom ɗin koke har sau huɗu, kuma duk sau huɗun amsa iri ɗaya ta dawo, wadda ko makaho ya shafa ya san ba mutum ne ya rubuta ba. Wanda ya buɗe shafin ya gama makaranta tuni, layin da ya yi rajista da shi ma ya ɓace. Har yau ba mu san laifin da muka yi ba.

Tun ranar nake ta tunani, kuma abin mamaki, tarihin yankin nan namu ne ya fi taimaka mini wajen gane matsalar.

Ku duba sunan Zangon Kataf kansa. Zango wurin da ayarin fatake ke sauke kaya ne su huta, su ba jakuna ruwa, su yi ciniki, sannan su wuce. A zamanin da ake fatauci da ƙafa, daga Kano da Katsina da Zazzau har Gwanja inda ake sayo goro, hanya cike take da zanguna irin wannan. Babu mutum ɗaya ko kamfani ɗaya da ya mallaki zangunan duka. Kowane zango da sarkinsa da dokokinsa. Baƙo idan ya iso yakan sauka wurin fatoma, wato mai masauki, shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Idan fatoma ya ci amanarka, badi sai ka sauka a gidan wani, kuma labari zai bi hanya ya riga ka isa zango na gaba. Abin da ya haɗa zangunan shi ne harshen ciniki ɗaya da al'adar da kowa ya yarda da ita. Madugu zai iya tashi daga wannan zango ya sauka a wancan ba tare da ya nemi izinin wani babban ofis ba.

Sai Turawa suka kawo jirgin ƙasa. Layin dogon gabas da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya iso nan, a 1927 aka haɗa shi da Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. Daga baya aka ja wani layin daga Kuru har Maiduguri, aka gama a 1964. Haka Kafanchan ta zama mahaɗar jirage, ta cika da mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, ga Fantswam da Kagoro da Bajju da Atyap da Kaninkon, ga Hausawa da Ibo da Yarabawa. Unguwar Bayan Loko ma daga wurin gyaran kan jirgi ta samo sunanta. Jirgi ya fi jaki ta kowace fuska da matafiyi zai duba: ya fi sauri, ya fi ɗaukar kaya, ba sai ka san kowa ba, ka sayi tikiti ka shiga. Amma layin na hukuma ɗaya ne. Ita ke sa lokaci, ita ke sa farashi, ita ke cewa a wace tasha za a tsaya.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a inda nake haya, tsohon ma'aikacin reluwe. Wata rana da yamma na ce masa, Baba, wai yaya garin nan yake lokacin da jirgi ke aiki sosai? Ya yi shiru, sannan ya ce, ɗana, da dare ma ba ka rasa abinci mai zafi a bakin tasha. Ya ba ni labarin masu sayar da doya da rake da suka gina gidaje da cinikin fasinja. Da hukumar jiragen ta durƙushe, ba wanda ya tambaye su. Ba su yi laifin komai ba. Sun dai gina rayuwarsu a gefen layin da ba nasu ba, ranar da jirgi ya daina zuwa sai ciniki ya tafi da shi. Da na dawo ɗaki na kwanta, sai na ga shafinmu ne Baba yake ba ni labari.

Akwai abu na uku a tarihinmu da nake taɓawa da taka tsantsan. A watan Fabrairun 1992 rikici ya ɓarke a Zangon Kataf kan mayar da kasuwa zuwa sabon wuri. Ya sake tashi a watan Mayu da muni fiye da na farko, ya bazu har Kaduna da Zariya, aka rasa rayuka masu yawa. Kowa ya san kasuwar ba ita kaɗai ba ce, a ƙarƙashinta akwai tsohuwar taƙaddama kan ƙasa da sarauta tun kafin zuwan Turawa da lokacin mulkinsu. Cikinmu akwai jikokin waɗanda abin ya shafa ta kowane ɓangare, kuma ba na kwatanta asarar shafi da asarar rai, Allah ya kiyaye. Abin da na ɗauka kawai shi ne, mu 'yan yankin nan bai kamata a koya mana cewa tambayar wa ke da wurin haɗuwar jama'a, wa ke yanke hukunci a kansa, tambaya ce mai nauyi ba. Mun riga mun biya kuɗin wannan darasin da tsada.

To mu dawo kan waya. Yayyenmu za su tuna 2go, manhajar da aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu, wadda ta mamaye ƙananan wayoyin Nokia a wajajen 2011 da 2012. Nawa ne cikinmu ke buɗe ta yau? Masu hali a lokacin suna BBM, suna yanga da lambar fin. An rufe BBM na gama gari a ranar 31 ga Mayun 2019. Google+ ma a shekarar aka rufe shi, a watan Afrilu. Kafin duk waɗannan, tun farkon shekarun 2000, marubuta da masu nazarin finafinan Hausa sun yi shekaru suna muhawara a zaurukan Yahoo, inda Farfesa Abdalla Uba Adamu yake cikin jagororin. Kamfanin ya goge abin da aka tara a zaurukansa, ya rufe tsarin gaba ɗaya a watan Disambar 2020. Wanda bai kwafi nasa ya ajiye ba, shi ke nan. Duk waɗannan jirage ne da suka daina zuwa tasha.

Sai shekarar 2021, wadda yawancinmu mun gani da idonmu. A ranar 2 ga Yuni Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Ranar 4 ga wata ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da dandalin a Najeriya, washegari kamfanonin waya suka toshe shi, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Wata bakwai ke nan. Kamfani ɗaya da gwamnati ɗaya suka yi faɗa, masu sayar da atamfa da turare da takalma ta wannan hanya suka kwana a ciki. Gwamnati ta buɗe shafi a Koo, wani dandalin ƙasar Indiya, mutane da dama suka bi ta can. A watan Yulin 2024 Koo ya sanar da rufewa saboda rashin kuɗi. Wato an gudu daga wannan jirgi an hau wancan, shi ma ya tsaya a daji. A ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida. Dalilin da ya sa suka faɗi tare shi ne mai su ɗaya ne: Facebook ya sayi Instagram a 2012 kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19. A watan Oktoban 2022 Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44, ya sauya dokoki, a 2023 ya sauya masa suna zuwa X. Ba wanda ya nemi ra'ayin masu amfani da shi. A nan gida ma, a watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Daga irin wannan damuwar ne wasu suka ce a koma tsarin zango. A 2010 wasu ɗalibai huɗu na jami'ar New York suka fara Diaspora. A 2016 wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fitar da Mastodon. A watan Janairun 2018 hukumar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo ta duniya ta amince da wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, wadda ita ce harshen cinikin da zangunan ke magana da juna da shi. Hanya mafi sauƙi ta gane abin ita ce imel. Mai adireshin Gmail yana aika wa mai adireshin Yahoo saƙo, ya isa lafiya, don kamfanonin biyu sun yarda da ƙa'ida ɗaya. Amma mai shafi a TikTok ba zai iya bin mai shafi a X daga cikin TikTok ba. A tsarin Mastodon, kowa na iya kafa sabarsa, wato kwamfutar da ke ɗauke da asusun mutane da rubutunsu, kuma wanda ke wannan sabar yana bin wanda ke waccan, ya yi masa sharhi, ya yaɗa rubutunsa. Manhajar kyauta ce, a buɗe take kowa ya duba yadda aka gina ta. Akwai 'yan uwanta a kan ƙa'idar: Pixelfed na hotuna, PeerTube na bidiyo. Bluesky kuma yana da tasa ƙa'idar daban, ya buɗe ƙofa ga kowa a watan Fabrairun 2024.

Kafin in yi magana a taro na ce bari in shiga in gani da idona, kada in zama mai tallan maganin da bai sha ba. Na yi sati shida a ciki. Ga abin da sabon shiga zai tarar.

Tun daga bakin ƙofa ake bambanta. A dandalin kasuwa, ka sa lambar waya, ka sa suna, an gama. Nan take zai jero maka 'yan ajinku da 'yan unguwarku har da tsohuwar budurwar da kake gudu, don ya karanta lambobin da ke wayarka da na wasu. A Mastodon tambayar farko ita ce a wane gida za ka sauka. Akwai babban gida da masu manhajar ke gudanarwa, shi ake nuna wa sabbin shiga, akwai kuma dubban ƙanana: na masu kimiyya, na 'yan jarida, na masu zane, na mutanen wani gari. Kowanne da dokokinsa a rubuce, sai ka karanta ka yarda. Wasu ma sai ka rubuta dalilin da ya sa kake son shiga, mai gidan ya duba ya amince. Adireshinka zai zama kashi biyu kamar na imel, sunanka da sunan gidan da ka sauka. Wallahi na yi kusan awa guda ina jujjuya wannan zaɓin, kuma na san da yawa daga cikinmu a nan za su ajiye wayar su ce Allah ya raka taki gona.

Bayan na shiga sai na tarar da fili fetal. Babu komai. Ba wanda ya turo mini bidiyon barkwanci, ba wanda ya ce ga mutanen da ka sani. Dalili shi ne, a dandalin kasuwa akwai wani lissafi na ɓoye da ke zaɓa maka abin da za ka gani. Yana auna inda ka tsaya, da abin da ka danna, da abin da ya sa ka yi sharhi, sai ya ƙaro maka irinsa. Kuɗinsu daga talla yake fitowa, don haka duk mintin da ka ƙara a ciki riba ce. A Mastodon babu talla, kuma rubutun waɗanda kake bi ne kawai ke zuwa, a jere bisa lokacin da aka wallafa. Idan ba ka bi kowa ba, ba ka ganin komai. Sai da na koyi neman batu ta alamar hashtag, na rubuta gabatar da kaina kamar yadda al'adar wurin take, sannan mutane suka fara amsawa. Wata malamar kimiyyar ƙasa daga wata nahiya ta turo mini littattafai biyu na kyauta kan abin da nake rubuta furojet a kai. A sati shida ban ga zagi ko ɗaya a shafina ba. Amma gaskiya ban ga Hausa ba sai jefi jefi, ban ga Tyap ko Jju ba ko sau ɗaya, ban kuma ga ko mutum ɗaya da na sani ba. Kasuwa mai tsabta ce, amma 'yan garinmu ba su zo cin ta ba tukuna.

Abu na gaba shi ne hukunci, kuma nan ne zuciyata ta fi karkata. A can, mai gidan mutum ne mai suna, kana iya rubuta masa ya amsa. Na gwada, na yi wata tambaya, ya amsa mini washegari. Bayan fom huɗu da na cike a banza, wannan ya taɓa ni. Idan wani gida ya cika da masu zagi da ƙiyayya, sauran gidaje na iya yanke hulɗa da shi gaba ɗaya. An yi haka a 2019 lokacin da dandalin Gab, wanda ya yi suna wajen tara masu tsattsauran ra'ayi a Amurka, ya koma amfani da manhajar Mastodon: gidaje da yawa suka toshe shi. Ku yi tunanin wannan a yankinmu. Rikicin watan Maris na 1987 a harabar kwalejin ilimi ta nan Kafanchan ya faro, tsakanin ɗalibai, kafin ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A lokacin babu waya a hannun kowa, jita jita da baki da mota ta yi tafiya. Yau da minti biyar ta isa ko'ina. Ma'aikacin da ke zaune a wata ƙasa, ko na'urar da ke tace rubutu, ba su san wace kalma ce a Hausa ko Tyap take iya tayar da unguwa ba. Mai gidan da ya tashi a Zonkwa ko Kagoro ya sani.

Sai dai takobin nan kaifi biyu gare shi, kuma wannan ne abin da masu cewa mu koma ba su so ji ba a taro. Fatoma na iya zama azzalumi. Mai saba yana da ikon rufe asusunka, kuma saƙon da ka aika wa wani a keɓe ba a kulle yake ba yadda na WhatsApp yake, mai sabar na iya karantawa idan ya ga dama. Ku ɗauka mun kafa tamu, muka ba shugaban ƙungiya makulli, sai lokacin zaɓe ya zo. Kun yarda ya riƙe saƙonnin abokin takararsa? Sannan toshe gida da gida yana iya zama hanyar da za mu sake raba kanmu, waɗannan su kafa nasu, waɗancan su kafa nasu, kowa ya toshe kowa. Mu da muka san yadda unguwanni suka rabu a garuruwanmu bayan kowane rikici, ba ma buƙatar a sake gina mana irin wannan katangar a cikin waya.

Akwai kuma maganar ƙaura. A dandalin kasuwa idan ka tafi, ka tafi hannu rabbana, mabiyanka na can. A Mastodon kana iya komawa wani gida mabiyanka su biyo ka kai tsaye. Amma tsofaffin rubutunka ba sa binka zuwa sabon gidan, sai dai ka sauke kwafinsu ka ajiye. Kuma sai tsohon gidan yana raye za ka iya yin ƙaurar. Idan mai gidan ya gaji, ko kuɗi ya ƙare masa, ya kashe sabar da dare ɗaya, ka rasa komai kamar yadda muka rasa. Shi ya sa gidajen da suka sa hannu a alkawarin da masu Mastodon suka tsara suke ɗaukar nauyin ba da sanarwar wata uku kafin rufewa. Alkawari ne dai, ba doka ba.

Sai kuɗi, wanda shi ne gaskiyar ɗalibi. Kamfanonin waya suna sayar da data mai rahusa ta musamman don WhatsApp da Facebook da ire irensu, wadda ba ta buɗe sauran wurare. Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa tun 2016. Mahaifiyata tana aiko mini da saƙon murya, ba ta taɓa karanta dokar wani gida ba kuma ba za ta fara yanzu ba. Saba kuwa ana biyan hayarta duk wata, galibi da dala, kuma tana son wanda zai riƙa sabunta ta yana kwafe abin da ke ciki. Mu da kuɗin ƙungiya na naira ɗari biyar sai an yi ta bin mutane har hostal. Wa zai biya bayan mun gama? Kada kuma wani ya ce mana tsarin zango maganin toshewa ne gaba ɗaya. Gaskiya ne toshe gidaje dubu ya fi toshe kamfani ɗaya wuya. Amma a watan Satumban 2021 an kashe sabis ɗin waya ɗungurungum a Zamfara, aka biyo da wasu sassan jihar Kaduna a ƙarshen watan saboda matsalar tsaro. Ranar da aka kashe sabis, da zango da tasha duk duhu ɗaya suke ciki.

Duk da haka ban yarda da masu cewa irin wannan aikin ya fi ƙarfinmu ba, don an taɓa yi a garin nan. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 take da mazauni a Bayan Loko, ta fara ne da ba mata ƙananan rance, daga baya ta shiga koyar da kwamfuta. A shekarun 2000, lokacin da intanet a karkara sai labari, ta kafa ZittNet, ta ɗauko intanet ta tauraron ɗan Adam ta rarraba wa cibiyoyin da ke kewaye ta iska, tana fama da rashin wuta da batir da hasken rana. Haka kuma a 2022 Wikipedia ta harshen Tyap ta samu gindin zama, da aikin 'yan sa kai na yankin nan, ba kamfani ne ya zo ya yi musu ba. Abin da waɗannan biyun suka nuna mini shi ne, abin jama'a yana tsayawa idan akwai mutanen da suka ɗauke shi aiki na shekaru, da tsarin miƙa shi ga na baya. Ɗokin sati biyu ba ya riƙe shi.

Don haka ga shawarata, ita ce wadda hayaniya ta hana ni faɗa.

Na farko, mu raba rumbu da kasuwa. Kuskurenmu shi ne mun mayar da rumfar haya ta zama rumbun hatsi. Tambayoyin jarrabawa da takardu da hotuna su zauna a wurin da muke da iko da shi, kwafi uku: ɗaya a faifan ajiya a hannun sakatare, ɗaya a hannun malamin da ke kula da ƙungiya, ɗaya a ma'ajiyar intanet da imel ɗin ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba. A rubuta a kundin tsarinmu cewa miƙa su na cikin miƙa mulki.

Na biyu, mu sake buɗe shafi a inda jama'a suke, don sanarwa dole ta isa ga kowa, har da mai ƙaramar data. Amma masu kula da shi su zama uku daga aji daban daban, kuma kada a sa wani abu a can wanda ba shi da kwafi a rumbu.

Na uku, kada mu kafa saba yanzu. Mutum goma masu sha'awa su buɗe asusu a gidajen da suka daɗe suna aiki, su yi zangon karatu ɗaya a ciki, su riƙa rubutu da Hausa da Tyap da Jju da duk harshen da suke so, su dawo su gaya mana abin da suka gani. Idan bayan haka muna da mutum uku da suka iya kula da saba, da kuɗin shekara guda a hannu, da dokoki a rubuce da ɗalibai na kowane ɓangare suka zauna suka amince da su, har da dokar da ta hana mai makulli leƙa saƙon kowa, to a kawo maganar taro, ni zan fara ɗaga hannu.

Roƙo na ƙarshe ga yayyenmu da suka gama. Duk wanda yake da wani abu daga tsohon shafin a wayarsa, ko hoton takarda ɗaya ne, ya taimaka ya turo wa wakilin ajinsa. Mun riga mun dawo da tambayoyin shekara uku ta haka. Musamman muna neman rubuce rubucen ta'aziyyar 'yan uwanmu biyu, don har yanzu ban iya komawa na gaya wa mahaifiyar nan cewa sun ɓace ba. Za mu zauna ranar Asabar bayan la'asar a ajin da muka saba, mu tattara abin da ya samu. Mai kwamfuta ya zo da ita, mai caja mai baki da yawa ma ya taimaka.